Layin Arewa da Layin Kudu a Makarantarmu ta Jambutu

Zuwa ga Shugabar makarantarmu ta jeka-ka-dawo da ke Jambutu, Jimeta.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da malamanmu baki ɗaya, da fatan kuna lafiya tare da iyalai. Sunana Falmata, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba ki san ni ba, domin a bencin ƙarshe nake zama, kuma ban taɓa ɗaga hannu a taron safe ba. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinki ina juyawa. Shi ya sa na rubuta, zan liƙa a allon sanarwa, kowa ya karanta, tunda abin a gaban kowa aka yi shi.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara, ranar bikin al'adu, na zubar da kula guda ta kunun gyaɗa a kwatar da ke bayan ajinmu. Na wanke kular a famfo, na kai gida, na ce wa wadda ta dama shi an shanye har ana neman ƙari. Ta yi murna ta sa mini albarka. Ƙarya na yi mata, kuma har yau abin yana cina.

Wadda ta dama kunun ita ce Mama Saratu. Lokacin da rikici ya koro mu daga garinmu a Borno ina goye a bayan mahaifiyata, ban san komai ba. Mijin Mama Saratu, Bappa Yohanna, shi ya gan mu a tasha, ya kawo mu gidansa ya ba mu ɗaki. Su Kirista ne, mu Musulmi. A gidan muke har yau. 'Yarsu Rifkatu sa'ata ce, a kwano ɗaya muka tashi, kuma aji ɗaya muke a wannan makaranta.

Ga abin da ke damuna, ranki ya daɗe.

Na ɗaya. Malamin da ke shirya bikin yana raba mu layi biyu, Arewa da Kudu, ba tare da ya tambayi kowa inda ya fito ba. Rajista yake ɗauka ya bi sunaye. Idan suna ya rikita shi sai ya ɗago kai ya duba: mai hijabi Arewa, marar hijabi Kudu. Akwai Hauwa biyu a ajinmu. Ya sa su duka a Arewa, sai ranar gwajin bikin ya ga ɗaya da kanta a buɗe, ya ce ta koma can wajen 'yan uwanta. Ajin ya fashe da dariya. Hauwar nan 'yar Numan ce, ko Makurɗi ba ta taɓa zuwa ba.

Na biyu, kuma shi ne maganar kunun. Aka ce kowa ya kawo abincin gida. Mama Saratu ta kai gyaɗa inji da sassafe, ta dama da shinkafa da tsamiya, ta ce in kai da sunan gidanmu duka. Na nufi teburin Arewa, tunda can aka sa ni. Wata babbar ɗaliba ta buɗe kular ta ce yana ƙanshi, wa ya dama? Na faɗa mata. Ta rufe ta ce, "To ai na 'yan Kudu ne, kai musu." Na ɗauka na kai teburin Kudu. Malamar da ke wurin ta ce kunu abincin Arewa ne, zai ɓata musu tsari, su teba da miyar agushi kawai aka rubuta musu. Na tsaya a tsakiyar fili da kula a hannu, mutane suna wuce ni. Ni ba mai iya jayayya ba ce. Sai na zagaya bayan aji.

Ranki ya daɗe, wane gida ne a Jimeta ba a shan kunun gyaɗa? Da azumi muna sha, ranar Kirsimeti suna sha, mai jego ma shi ake dama mata a kowane gida. Ita kuwa miyar agushin da aka ɗora wa su Rifkatu, Mama Saratu ba ta iya ta ba. Sai da ta je unguwar Dubeli wajen wata mai sayar da abinci ta koya mata. Wannan ne abincin gida?

Na uku. Na tambayi manya ko Yola Arewa ce ko Kudu, kowa ya ba ni amsa daban. A taswirar da ke bangon ajinmu an sa mu a Arewa maso Gabas, mu duka, har da Numan da Ganye. Mahaifina ya ce ranar da muka ƙetare gadar Binuwai muka shigo Jimeta, shi a ransa kudu ya gudo. Bappa Yohanna ya taɓa yin aikin gini a Fatakwal, ya ce shekara biyu ba wanda ya kira shi Yohanna, sai Aboki, ko da suna ganinsa a coci. Yayar babana da ke aure a Kano kuma, duk sanda muka yi waya sai ta yi ta dariyar Hausata, ta ce mu 'yan Yola rabinmu Kamaru ne. A cocin su Rifkatu da Hausa ake waƙa. A kasuwa mahaifiyata tana taya kaya da Fulatanci, mai shagon Inyamuri ne, kuma da Fulatancin yake mayar mata. To idan manya da suka yi yawo sun kasa raba garin nan biyu, yaya Malam ya raba shi da rajista a cikin minti goma?

Na huɗu. Ni ma layin da aka sa ni bai san ni ba. Ni Babarbariya ce, lafaya uwata take ɗaurawa. Amma bara aka ɗora mini ƙwarya aka ce in riƙa tallan nono, ita kuma Rifkatu aka rataya mata jajayen duwatsun wuya aka ce ta yi rawar da ba ta taɓa gani ba sai a waya.

Na biyar shi ne wanda ya fi min ciwo. Bikin kwana ɗaya ne, amma layin bai tashi ba. Tun daga ranar yara suke kiran juna 'yar Arewa, 'yar Kudu, a filin wasa da wajen famfo. Da aka fara gwajin bana, wata ta ce wa Rifkatu su baƙi ne, ranar da aka raba ƙasa sai su tattara. Rifkatu ta ce kakan kakanta a bakin kogin nan aka binne shi, kuma ta dube ni don in sa baki. Na sunkuyar da kai. Ni da aka kawo gidansu a goye, na bar ta ita kaɗai a gabansu. A hanyar gida ta ce mini, "Je ki layinku mana, Hajiya." Yau kwana tara ke nan ba ta jira ni mun tafi makaranta tare ba. Mama Saratu tana tambaya ko faɗa muka yi, mu duka muna cewa a'a. Ranki ya daɗe, bikin da aka ce don haɗin kai ake yi ya shigo mana har tsakar gida.

Na shida. Bana an ƙara da cewa shiga layi maki goma ne a jarrabawar zango, wanda bai shiga ba ya rasa. An riga an ba ni zane da ƙwarya.

Saboda haka ina roƙon ki abu huɗu. A daina raba mu da suna ko da hijabi. A tambayi kowace ɗaliba garinsu da yarensu, ta sa kayan gidansu ta kawo abin da ake ci a gidansu, ko da teburin zai kai ashirin. Sannan a cire maki daga wannan magana, kuma ki yi wa ɗalibai faɗa a taron safe a kan kiran wasu baƙi.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ki ikon yin adalci a tsakaninmu, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Idan na yi rashin ladabi a yafe mini, ban saba rubuta wa manya ba.

Jiya lokacin hutun tara, da ofishin malamai ya zama ba kowa, na ninke zanen na ɗora ƙwaryar a kai, na ajiye a teburin Malam. Ranar biki da kayan makaranta zan zo, kuma duk inda aka tsayar da Rifkatu, nan zan tsaya kusa da ita, ko ta yi mini magana ko ba ta yi ba. Maki goman a cire.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Falmata, aji biyu.