Tafiyar da Kika Hana Ni Faɗa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Mairo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa, da durƙuso da sunkuyar da kai, ina fata wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Sa'adatu, 'yarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barinki kin kira sunanta ba. Lafiyarmu ƙalau, ni da jikarki Amira.

To, gaisuwa ta ƙare, Umma. Fushi nake yi da ke, kuma a gaban jama'a zan faɗe shi.

Shekaranjiya na sauko daga jirgin ruwan nan. E, na je. Kwana bakwai, daga Southampton zuwa Norway da dawowa, a ɗakin da na kama mana ni da ke. Mako ɗaya da sadakar arba'in ɗinki muka tashi. Na san abin da matan unguwa suke turawa juna a waya, wai ko tabarmar makoki ban gama naɗewa ba na tafi shan iska. Su yi ta faɗa. Ba da su nake ba, da ke nake.

Shekara ashirin da biyu kika yi kina aiki a gidan kula da tsofaffi a Catford. Ki ɗaga wannan, ki yi wa wancan wanka, ki ba wata abinci a baki, ki dawo gida bayanki kamar zai tsinke. Akwai wata tsohuwar Baturiya da take yawan nuna miki hotunan yawonta a jirgin ruwa. Da ta rasu 'ya'yanta suka ba ki hoto ɗaya, farin jirgi a tsakanin duwatsu, kika liƙa shi a jikin firji. Duk sanda kika buɗe firjin sai ki ce, "Ni ma wata rana a zaunar da ni a kawo mini shayi, in ji yadda abin yake." Ranar da kika ajiye aiki na ce miki wata ranar ta zo.

Kin san wahalar da na sha a kan shirin nan? Ba ki sani ba, don ban taɓa gaya miki ba. Kullum a hanyata daga Abbey Wood zuwa ofis a Aldwych kaina na kan waya, ina duba jirage. Kin ce ke da jirgin sama sai dole, na nemo wanda za mu kai bakinsa a jirgin ƙasa. Kin ce ba kya kwana a ɗakin da ba taga, na kama mai baranda. Sau uku ina kiran kamfanin a kan naman halal, har matar da take amsa wayar ta gane muryata. Kin tambaye ni yadda mutum zai gane alƙibla a cikin abin da yake ta juyawa a kan ruwa, na yi kwana biyu ina bincike, na kawo miki amsa. Na sabunta miki fasfo. Na saya miki rigar sanyi mai kauri, kika ce launinta na 'yan mata ne, na mayar na sake wata.

Ke kuma sharaɗi ɗaya kika kafa mini. "Ba a faɗar tafiya sai an je an dawo. Bakin mutane ba kyau." Kada maƙwabta su ji, kada 'yan uwa na gida su ji. Har Amira sai da kika sa ta yi alkawari, tana dariya tana ce miki da Turancinta ai hutu ne za ku je ba yaƙi ba. Na yi shiru na bi ki. Haka na taso na ganki, ko Kano za ki sai kin sauka sannan a ji.

Ki tuna yadda tafiyar farko ta rushe. Ina zaune a falonki Kawu Sani ya kira daga Kaduna, za a sa ranar bikin 'yarsa Fa'iza. Ke ce babba, don haka ke ya fara tambaya. Tambayarki ya yi, Umma, ba umarni ya ba ki ba. Ya ambaci makon, ya ce ko ya yi miki. Makon tafiyarmu ne cif. Takardun jirgin suna kan tebur a gabanki, ni kuma ina ta ɗaga miki hannu kamar mai tare mota. Kika kau da kai kika ce masa duk ranar da suka sa ta yi. Magana ɗaya ce da za ta matsar da bikin mako biyu, ba wanda zai ji ciwo. Kika gwammace a fasa jirgi da ɗan'uwanki ya san kina da tafiya. Muka je Kaduna, kika yi kwana tara a tsaye a kan tukwane, a bikin da aka ɗauko masu girki.

Na haɗiye. Na matsar da tafiyar zuwa shekara mai zuwa.

Lokacin cike takardun ta biyu akwai shafin lafiya. Daga ofis na kira ki, na karanta miki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina fassarawa. Ko akwai ciwon da ake miki magani? Ko kina jiran wani sakamako daga asibiti? Kika ce, "Lafiyata ƙalau, sai ɗan hawan jinin nan." Da hannuna na danna a'a. Yanzu na san a lokacin makonki uku da jin abin da likita ya gaya miki.

A wannan tsakanin ne kika fara azumin Alhamis. Kika ce kada in riƙa biyowa ranar, kina son ki keɓe da ibada. Na ga kina ramewa, kika ce azumi ne. Na ga ɗankwali ba ya barin kanki ko a cikin ɗaki, kika ce sanyi. Ni kuma wawuya ina ta yabonki a gaban ƙawayena, ina cewa Ummata tun da ta bar aiki ta koma ga Allah. Da ibada kika rufe mini ido, abin da kika san ba zan taɓa yi miki musu a kai ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Saura mako uku a tashi kika ce a sake ɗagawa, wai gwiwarki ta tashi, sanyin teku zai ƙara mata. Na ɗaga ɗin, amma ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na kashe waya kina cikin magana. Mako biyu ban taka gidanki ba. Ina gida ina cika ina batsewa, ina cewa wannan tsohuwa ba ta san darajar wahalar mutum ba. Ke kuma kina can ana ɗura miki magani a jijiya. Kin bar ni na yi miki wannan rashin kunyar, kina da maganar da za ta hana ni, kika riƙe ta.

Sai da kika faɗi a kicin aka kira ni. A asibiti likitan ya fara da cewa kamar yadda na sani, ciwon dajin ya riga ya bazu. Kamar yadda na sani! Ya ga fuskata, ya jawo mini kujera. Da na shigo wurinki na tambaye ki don me, kika dube ni da idanun nan naki kika ce, "Ai ga shi kin sani." Kwana goma sha ɗaya kika ba ni, Umma. A cikin wata bakwai, abin da ya zo hannuna ke nan.

Ranar da aka yi miki sutura Gwaggo ta ce kowa ya yafe miki. Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa, don mutane suna jira.

Da council, hukumar da ta ba ki hayar gida, suka nemi makullin flat ɗinki na je kwashe kaya. A ƙarƙashin gado na tarar da akwatinki a shirye. Rigar sanyin, darduma, sababbin atamfofi uku da ban san kin ɗinka ba, kwalbar yaji an naɗe ta da leda biyu, filas. A saman komai, hoton nan na jikin firji. Ashe da gaske kike son zuwa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ranar jana'iza ba, sannan na tashi na ce wallahi ba a sake ɗaga tafiyar nan.

Na tsallaka ƙofar Anti Laraba, maƙwabciyarki kuma aminiyarki, wadda kuka yi aiki tare tun zuwanku ƙasar nan, na ce ta shirya ta maye gurbinki. Ta yi ta kame-kame, wai tana da aiki a coci, wai ba ta iya ruwa ba. Na ɗauka kara ce. Na matsa mata har ta yarda.

Bari in ba ki labarin jirginki, tunda ba ki tsaya kin gani ba. Ya fi na hoton girma, tsawonsa kamar layinku daga shagon nama har tashar bas. Ba ya jijjiga yadda kika ji tsoro. Alƙibla kuwa ba wuya, akwai allo a ɗaki da yake nuna inda jirgin ya dosa, sai mutum ya gyara dardumarsa. Naman halal ɗin gaskiya ne, na tambayi mai dafawar da kaina. Ruwan yana shiga tsakanin duwatsu ya kwanta luf, koren dutse dama da hagu, ruwa yana zubowa daga can sama fari tas. Yajinki ya yi suna. Anti Laraba ta zuba wa wani tsohon Bature a kan ƙwai, ya yi atishawa har hawaye, washegari ya zo teburinmu da farantinsa yana neman ƙari. Na yi dariya, Umma. Na ji daɗi sosai, kuma duk daɗin da na ji sai ya ƙara mini haushinki.

Shayin ma an kawo. Ina zaune a baranda, wata ma'aikaciya ta shigo da tire, ta zuba, ta tambaye ni ko in ƙara madara. Ranar farko har ya huce ban taɓa shi ba. Rana ta biyu na shanye, na ce a ƙaro.

A rana ta uku, bayan karin kumallo, Anti Laraba ta ajiye kofinta ta ce ba za ta iya ci gaba da kwana a gadonki da wannan abu a ƙirjinta ba. Ni duk zatona ke kaɗai kike zuwa asibitin. Ashe ita ce take kai ki, kowace Alhamis, ta riƙe miki jaka a bas, ta zauna kusa da ke har a gama. Matar da ba ta rantsuwa, kika sa ta rantse. Ta ce ta roƙe ki har da kuka ki gaya mini, amsarki kullum ɗaya ce: "In ta sani za ta yi cancel ɗin jirgin, ta zo ta zauna tana kallona da idon tausayi. Bari mu je mu dawo, sai in gaya mata."

Gaskiyarki, da na fasa. To sai me? Wa ya ce miki jirgi nake so? Ke nake so in zaunar. Da kujerar asibitin ma ta ishe ni, in riƙe jakar, in kawo shayin a filas. Alhamis kusan talatin kika ɗauka daga hannun 'yarki kika ba maƙwabciya, don ki ajiye mini mako ɗaya a kan ruwa. Ba ki tambaye ni wanne na fi so ba. Kin ji tsoron bakin mutane har kika sa ni a cikin mutane.

Ban yi wa Anti Laraba faɗa ba. Na bar ta a baranda, na shiga ɗaki neman hankici a jakata, sai hannuna ya taɓa ambulan.

A nan ne zan faɗi nawa laifin. Likitanki ya ce irin ciwonki yana bin jini, ya kamata a duba ni. Na je a ɓoye, aka ɗebi jini, aka yi hoto. Kafin mu tashi takarda ta zo, sun ga wani abu da suke son sake dubawa. Na ninke ta na tura a aljihun jaka na ciki, na ja zif. Amira ta raka mu tashar jirgin ƙasa, ta tambaye ni ko komai lafiya, na ce ƙalau. A raina na ce bari in je in dawo, sai in gaya mata. Kalmominki ne, Umma, ban canza ko ɗaya ba. Ko a farkon takardar nan da na rubuta miki lafiyarmu ƙalau, irin taki na yi. Hannuna ya riga ya saba.

Da jirgin ya tsaya a gari na gaba na kira Amira, ina tsaye a bakin ruwa. Na karanta mata takardar daga sama har ƙasa. Sai yarinyar da kika yi shekara ashirin kina fama da ita ta amsa miki da Hausa, ta ce mini da Hausa, "Ni zan kai ki." Na gaya wa Anti Laraba. Na kira Kawu Sani. Ga shi yanzu na rubuta inda kowa zai karanta, da masu bakin alheri da waɗanda kike tsoro. Mai yiwuwa ba komai ba ne, mai yiwuwa wani abu ne. Ko ma mene ne, 'yata ba za ta ji shi daga bakin likita ba.

Na san ba mugunta ba ce. Haka aka koya miki so, ki ɗauki kaya ki rufe da mayafi ki yi murmushi. Ki yafe mini wayar da na kashe, da makon nan biyu. Tawa yafiyar tana hanya, Umma, ta yi nisa, amma ba zan ɓoye miki ba, ba ta gama isowa ba. Hoton jirginki na mayar da shi jikin firji, nawa firjin.

Ranar Alhamis asibiti suka ba ni. Ba zan ce ina azumi ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ke kaɗai ya zama kankarar zunubi. Ya zaunar da ke inda ba za ki sake tashi don hidimar kowa ba, a kawo miki abin sha kina hutawa. Ya cire mini sauran abin da ke raina kafin mu haɗu. Amin.

Taki, mai fushi da ke kuma mai kewarki,
Sa'adatu
Abbey Wood, London