Na Rage Igiyar Da Inna Ta Auna Talabijin Da Ita

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin ni ma ban bar kaina na huta ba.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune a Gesse cikin Birnin Kebbi. Mahaifiyarmu, Inna, tana Argungu tare da ƙanena, wanda zan kira Sani, masunci ne. Kwanakin baya da talabijin masu faɗin nan da ake kira filasma suka fara shigowa gari, Sani ya zo mini da wata igiyar taru a naɗe. Ya ce, "Yaya, Inna tac ce in kawo maki. Ta ga wata gidan maƙwabta, ita da kanta ta auna faɗinta da igiyag ga. Irin ta take so." Na dube shi, na dubi igiyar. Inna da ko rediyo sai an kunna mata, yaushe ta san girman talabijin? Kuma Sanin nan ba yau ya fara ba. Fankar da na saya wa Inna a ɗakinsa ta ƙare, rediyonta kuwa a cikin kwalekwalensa na gan ta. Ga shi ya daɗe yana mafarkin buɗe gidan kallon ƙwallo. Na ce a raina, wato ni za a yi wa wayo da bakin tsohuwa?

Na je shago da igiyar, mai shago ya shimfiɗa ta, ta yi daidai da mai inci arba'in da biyu. Ya tambayi girman ɗakin, na faɗa masa, ya ce wannan ta yi wa ɗakin yawa, ƙarama ma ta isa. Dama abin da nake son ji ke nan. Na sayi mai inci ashirin da shida, wadda ba za ta tara 'yan kallo ba. Abin kunyar shi ne, da na koma gida na sa almakashi na rage kusan kamu guda daga igiyar, na ƙona bakinta da ashana yadda masunta ke yi, don kada a gane.

Ran da na kai ta Argungu, ni da kaina na ɗora igiyar a kan talabijin ɗin a gabansu, na ce ga shi nan, daidai wa daida. Sani ya karɓi igiyar, ya murza bakinta da yatsu, ya dube ni, ya sa ta aljihu. Aka kunna tashar da ke nuna ɗawafi a Makka. Inna ta matso da tabarma, ta sake matsowa, har ta kusa taɓa gilashin da goshi. Can ta ce, "Wagga ita ta irin wadda na auna?" Na ce ita ce, Inna. Sai ta ce, "To, idona na yaƙ ƙara mutuwa. Gidan maƙwabciyata Hajiya har ƙafafun masu ɗawahi nag gani. Yanzu ba ni ganin komi sai hwari-hwari na zagaye."

Wallahi sai a ranar na san idon Inna ya raunana. Ta ɓoye mana don kada ta ɗaga mana hankali. Ba ta taɓa zuwa Hajji ba, abin da take so ke nan, ta ga Ka'aba daga ɗakinta.

Tun daga nan Inna ta sallama cewa makanta ce ta zo. Ta daina fita suna da biki, ta daina zuwa gidan maƙwabtan, wai kada ta je ta zauna tana kallon duhu a gaban mutane. Na ce mu je asibitin ido ta ƙi, ta ce tsufa ba ya da magani. Talabijin ɗin ta rufe ta da zane, sauti kawai take ji. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Allah shi yi ma ɗiyata albarka, abin da nac ce shi ta kawo."

Sani kuwa har yau bai tayar da maganar ba, kuma shirunsa ya fi damuna. Ya gane ne yana rufa mini asiri, ko jira yake ranar da zai fasa kwan a gaban dangi? Kuma ko da Inna ce ta auna, wa ya tabbatar mini ba shi ya kai ta gidan ba don ta gani ta yi sha'awa? Kun ga halina, har yanzu zuciyata ba ta daina zarginsa ba.

Sayen babbar bai gagare ni ba. Amma ranar da na kai ta, Inna ta ga ƙafafun masu ɗawafi, za ta san idonta bai canza ba, 'yarta ce ta yi mata ƙarya. In kuma na yi shiru, za ta ci gaba da zama a ɗaki tana jiran makanta tana sa mini albarka.

Jama'a, me zan yi?