Kitsen da Jikin Tsuntsuwa Ya Kasa Ajiyewa

Litinin, 3 ga Maris
Wata takwas ke nan rabona da 'yata Tsuntsuwa. Inna ta turo hotonta da kayan makaranta. Ta ƙara tsawo, kumatun dai babu. Wai a biki wata ta tambaya ko ba a ba ta abinci ne. Ta ina Inna za ta fara bayani? Yarinya na ci, jikinta ne bai iya ajiye kitse ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na yini a kan madubin gwaji. A lafiyayyar ƙwayar halitta, kitse yakan taru tsakanin tantani biyu, ya kumbura, sai wani furotin mai kamar zobe ya riƙe masa wuya har ya ɓalle ya zama ɗigo, wasu furotin su lulluɓe shi. A waɗanda muka cire wa zoben kuwa, ɗigogin sun fito birkice, wasu ƙanana kamar ƙura, ɗaya ƙato. Zoben nan Tsuntsuwa ta rasa. Dominsa na baro ta.

Asabar, 8 ga Maris
Tsuntsuwa ba ta karɓi waya ba. Wai tana wasa.

Talata, 18 ga Maris
Gwajin ya yi! Mun mayar da zoben, ɗigogi suka jeru ɓul-ɓul. Farfesa, shugaban bincikenmu, har da tafi. Ya ce in ƙara shekara biyu, takardar yarjejeniyar na kan teburina. Na tambaye shi yaushe wannan zai zama magani. Ya daɗe yana goge tabarau, ya ce watakila jikokinmu su gani.

Alhamis, 27 ga Maris
Likita ya ce kitsen da ya rasa wurin zama yana taruwa a hantar Tsuntsuwa, a canza mata abinci. Inna ba ta iya karanta takardar likitan ba, ta turo min hoton takardar, a waya na karanta mata. Sai Tsuntsuwa ta karɓi wayar.
"Umma, kin gama gyara ƙwayoyin?"
Na ce saura kaɗan.
"To ki taho da su gida mana, ki ƙarasa a nan."

Juma'a, 4 ga Afrilu
Ban sa hannu a takardar Farfesa ba tukuna, alƙalamina ne ya ƙi rubutu. Na koya wa abokiyar aikina yadda ake ciyar da ƙwayoyina, don dai kada a ce mutum ɗaya ne ya iya. A hanya na saya wa Tsuntsuwa takalmi ja, lamba talatin. Mai shago ya ce akwai masu kai saƙo. Na ce ya bar shi, sai an gwada a ƙafa.