Kek ɗin ɓaure ya yi mini yawa

Yaya,

Bayan gaisuwa, yaya gwiwar Inna? Yara fa? Ni lafiya lau, kada kowa ya tayar da hankalinsa.

Jiya na gasa kek ɗin ɓauren Inna, da kirfa da kanumfari. Littattafan girkin nan duk shirme ne, ma'auninta na bi, sai ga abin da zai ishi mutanen gidanmu kaf. Na yanka na kai wa maƙwabcina, yadda aka koya mana. Ko ƙofa bai buɗe ba, ɗan rainin hankali, wai shi bai yi odar komai ba. A tsaye na ci nawa.

Ki tambayo mini Inna ma'aunin mutum ɗaya. Kada ki gaya mata dalili.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki