Farin Garin da Ka Manta a Ɗakin Inna

Ƙanena Mahamadu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina sanyin can, ina aikin labo, ɗakin binciken naku? Mu nan garin Tawa sai godiya, amma hankalina a tashe yake, wayarka kuma ba ta shiga.

Ka tuna farin garin nan na cikin gwangwani da ka nuna mana da hutu, ka manta shi a ɗakin Inna? Ka ce ƙwayoyin rairayi ne da kuke turawa cikin siririn tiyo ba tsayawa har roba ta manne musu, wai wata rana za su tace ruwa. Inna "tace ruwa" kawai ta riƙe. Da ruwan rijiya ya zo da laka, sai ta zuba garin a randa kamar alif, duk muka sha. Tun ranar cikinta ke murɗawa. Likita ya tambaye ni sunan abin, shi ya sa na rubuto maka.

Don Allah, guba ne? Ka sa Inna a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Na ɓoye gwangwanin, amma ta hana a zubar da ruwan. Ta ce abin da hannunka ya yi ba zai cuce ta ba.

Yayarka,
Hadiza