Kofin Tsoho a Kan Kantarmu

Ya hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyin da ke sauka a maƙogwaro bayan doguwar tafiya, ya kai da muryarka ke kwantar mini da hankali kamar yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa! Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kwana huɗu ba ta gan ka ba, kuma ta ji kwanakin a jikinta. Ina fata kana lafiya. Da gaske nake wannan fatan, a matsayina na masoyiyarka, kuma a matsayina na ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti wadda ta san abin da kake shaƙa a gidan can.

Maganar kofin nan ce ta sa na ɗauki biro. Amma bari in fara daga inda abin yake da daɗi, don kada ka ce na manta.

Ka tuna bas ɗin safen nan, shekara biyu da suka wuce? Ina zaune ina karanta littafin nan namu a karo na uku, bangonsa duk ya yage. Kai kana tsaye a kaina, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da takardun jarrabawar ɗalibanka. Na kai hannu zan juya shafi, sai na ji murya daga sama tana cewa, "Don Allah 'yar'uwa dakata, saura mini layi biyu." Na ɗaga kai in ga wane mara kunya ne wannan, sai na ga idanu masu sanyi kamar tafki da hantsi, da fuskar mutumin da bai ma san ya yi laifi ba. Ka wuce makarantarku da tasha uku a ranar. Ni kuma na isa wurin aiki ina murmushi ni kaɗai, har oganmu ta tambaye ni ko lafiya.

Wane littafi ne ya taɓa yi wa mutum biyu irin wannan alheri? Birni a ƙarƙashin rumfar gilashi, a kan wani wata mai nisa inda babu iska ko ta numfashi ɗaya. Mutum dubu tara suna shaƙar iskar da kakanninsu suka shaƙa, ana tace ta ana maimaitawa. Manya suna ta jawabi a sama, wata mata kuma tana can ƙasa tana wanke matatun iskar da hannunta kullum, ba wanda ya san da zamanta sai ranar da ta kwanta ciwo, jarirai suka fara tari. Shekara hamsin da rubuta shi, amma har yau ba na iya karanta babin rashin lafiyarta ban tashi na buɗe taga ba. Ina son littafin nan, masoyi, kuma ina ganin girman tsohon da ya rubuta shi. Ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta sauran.

Abin da ban sani ba a cikin bas ɗin shi ne kana da 'yan'uwa goma sha ɗaya a wannan ƙauna. Ƙungiyar masu karatu, duk Asabar da la'asar, a bayan shagon littattafai, kai ne sakatare. Shugabanku har ya saki sunan da iyayensa suka raɗa masa, sai an ce Kyaftin yake amsawa, domin shi ne sunan da ake kiran shugaban birnin a littafin. Sau uku na je. Na ji manyan mutane masu iyali suna musu da jijiyar wuya a kan ko ƙofofin birnin goma sha shida ne ko goma sha bakwai. Na ji Kyaftin ya tashi ya kawo jawabin shafi huɗu da ka, yana nuna silin da yatsa. Da na ɗaga hannu na kawo maganar mai wanke matatu, sai ya yi mini murmushin da ake yi wa yarinyar da ta shigo falo da baƙi, ya ce, "Amaryarmu, ai wannan cikon labari ce." Kai kuma, farin watana, ka sunkuyar da kai kana rubuta sunayen mahalarta. Na yafe maka wannan tun a ranar. Na ce kowane namiji da abin da ke raba shi da hankalinsa, gara littafi a kan wasu abubuwan.

Sai kuka gayyato marubucin da kansa, mako shida da suka wuce. Ya zo, tsoho ya haura tamanin, da sanda, da kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa. Kun zaunar da shi awa uku a ɗakin taro yana sa hannu, yana tari a cikin hankicinsa, kuna ta tura masa littattafai da hotuna da hulunanku. An kawo masa shayi da madara, ya kurɓa sau biyu, ya ajiye. Yana miƙewa, sai na ga mutumin da zan aura, wanda ke koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, ya yi tsalle ya haye kujera biyu, ya cafe kofin kamar shirwa ta ga ɗan tsako, ya rufe bakinsa da tafin hannu don kada sauran shayin ya zube. Fuskarka a lokacin nan, wayyo! Ko ranar da na ce maka na amince ban ga irin wannan hasken a kanta ba.

Kun yi zama na musamman, kun kafa doka, kai ka rubuta ta da kyakkyawan rubutun nan naka da nake so: ba za a wanke kofin ba, ba za a zubar da abin da ke ciki ba, kuma sakatare ne zai adana shi. Sakatare kuwa sai ya adana shi a gidan da muka kama, a kan kantar falo, daidai inda na ce zan jera hotunan iyayenmu. Ka kife masa kwanon gilashi kamar wani kek.

Ya zumar rayuwata, ka taɓa leƙa cikinsa kuwa? Ni na leƙa. Makon farko madarar ta tsinke ta yi kitse a sama. Mako na biyu ta fara tsiro. Yanzu akwai daji a ciki, kore shar, da farin gashi kamar gemun akuya, da wani baƙin zobe daidai inda leɓen tsohon ya taɓa, wurin da kuka fi ɗauka a hoto. Warin yana tarar mutum tun daga matakala. Ya shiga katifar da ko ledarta ba a cire ba, ya shiga mayafina, ya biyo ni har bas, wata mata ta matsa gefe. Ranar Asabar da ta wuce, da 'yan ƙungiya suka zo gidan, ina tsaye a ƙofar kicin, Kyaftin ya ɗage kwanon gilashin, ya kai hancinsa, ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi, ya ce, "Allahu akbar, ƙamshin tarihi." Sauran suka yi layi a bayansa. Na fita tsakar gida na yi amai a gindin famfo, ba wanda ya lura, don kuna musu a kan wanda zai fara.

Zan faɗa maka wani laifi da na yi. Kafin in bar gidan na goga auduga a bakin kofin, na tafi da ita wurin aiki, na shuka a farantin gwaji. Shekara shida ina duba majina da ruwan gyambo da abubuwan da ba a faɗa a wasiƙar soyayya, ban taɓa kawar da kai daga madubin duba ƙwayoyin cuta ba sai ranar Talata. Fumfuna iri huɗu, masoyi, da wasu ƙwayoyi da ba na so in rubuta sunansu kusa da naka. Oganmu ta zo ta leƙa, ta gyara tabarau, ta ce, "Ke, wannan daga wane mara lafiya?" Na ce daga gidan aurena. Ta dube ni ta ce in gaishe da angon.

Akwai kuma abin da ban gaya maka ba, don ina ta jira ka tambaye ni inda na shiga bayan taron marubucin, ba ka tambaya ba. Lokacin da kuka yi dafifi a kan teburi kuna ɗaukar hoton kofi, mai kofin yana tsaye shi kaɗai a bakin ƙofa yana waige-waige. Na je na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, ina ne bayi? Tun ɗazu nake tambaya, littafi ake miƙo mini." Na riƙe masa hannu muka sauka matakala a hankali. Ya tambaye ni ko na karanta, ko dai rakiya na zo. Na ce na karanta, kuma mai wanke matatu ce tawa. Sai ya tsaya cak a tsakiyar matakalar, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Mahaifiyata ce. Shekara talatin tana goge daɓen asibiti, hannunta kullum warin sabulu yake. Kin ga mutanen can? Injin birni kawai suke tambayata, ni kuwa ko keke ban iya gyarawa ba." Da muka isa ƙasa ya ƙara da cewa shayin ya yi sukari da yawa, likita ya hana shi, ya kurɓa ne kawai don kada ya ba ku kunya.

To ka ji abin da kuke wa layi: shayin da tsoho ya ƙi sha.

Za ka ce me ya hana ni in wanke shi da kaina, minti biyu ne. Na yi tunanin haka, har na ɗauki soso. Amma na san abin da zai biyo baya. Za ka yafe mini da baki, ka yi ta kallon gurbinsa a kan kanta har mu tsufa, 'yan ƙungiya kuma su riƙa nuna ni a matsayin matar da ta wanke tarihi. Ba zan shiga gidanka da wannan suna ba. Kuma ina so in gani da idona, ko sau ɗaya, cewa mutumin da ya karanta littafin nan sau goma sha ɗaya ya gane abin da ke cikinsa. Hannunka nake so ya taɓa sabulun.

Haba sanyin idaniyata, haba reshen da zuciyata ta yi sheƙa a kansa! Shin ban fi ruɓaɓɓiyar madara ba? Ina kewar tafiyarka, da ƙurar allin da ke hannun rigarka, da yadda kake karanta mini shafi kana canja murya kana kuskure. Ina son in tsufa ina jin ka kana musu a kan ƙofofi, wallahi har shayi zan riƙa dafa muku. Ka bar hoton tsohon a bango, ka sa littafin da ya sa wa hannu a cikin gilashi, ka raɗa wa ɗanmu na fari sunansa in kana so, ba zan ce uffan ba. Amma saura mako biyar bikinmu, kuma ranar Asabar Mama da Gwaggo za su zo auna tagogi don labule. Mama da ke jin warin albasa ta bayan katanga! Ba zan tsaya a falon nan ina yi wa uwata bayanin cewa wannan abin girmamawa ne ba.

Ga mabuɗin gidan nan a cikin ambulan, na dawo maka da shi. Ranar Juma'a ina tashi aiki ƙarfe huɗu, zan tsaya a bakin ƙofar asibiti. Ka zo da mabuɗin a hannu ɗaya, kofin a ɗaya, wankakke. Ka sa safar hannu, ka zuba ruwan zafi, kada ka kai fuskarka kusa. Zan ɗaga shi a rana in duba ƙasansa da bakinsa kamar yadda nake duba kayan aiki, don haka kada ka yi mini ɗauraya. In ka zo, zan karɓi mabuɗina, kofin kuma ya zama nawa, da shi zan riƙa shan shayi kowace safiya a gabanka. In ƙarfe biyar ta yi ban gan ka ba, ba zan so wani ba, ba zan ko kalli wani ba, amma zan je gida in ce wa Mama ta mayar da tef ɗin awonta cikin durowa.

Taka ce ni, a yau da gobe da bayan furfura, mai riƙe maka amana muddin ina numfashi, in dai iskar mai tsabta ce,

Wadda ta dakata maka har ka gama layi biyu.