Ku Sauke Fuskar Malam Isiyaku Daga Shafinku

Zuwa ga Babban Edita, jaridar intanet ɗin da ta san kanta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Na bi ta ƙofa har sau biyar ba a buɗe mini ba. Ban ambaci sunan jaridarku ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba. In na ambata, mutane za su ruga su buɗe shafin, su sake kallon fuskar da nake roƙon ku sauke.

Sunana Hamisu, tsohon malamin gona ne ni. Yanzu ina da shagon iri da maganin feshi a Faskari. Ina kuma da ɗan shafi a intanet inda nake rubutu kan noma: wane iri ya yi kyau a jigawa, wace tsutsa ta shigo bana, yadda ake adana wake. Ban jingina shafin ga kowane kamfani ba. Yana zaune cikin wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi a ƙarƙashin kantata, da sola da batir da 'yar na'urar intanet. Ni ke share mata ƙura, ni ke sabunta manhajarta, ni ke kwafe kayanta in ajiye. In sabis ya ɗauke a garinmu, shafin ya ɗauke. Na faɗi wannan ne domin ka gane yadda na san abin da zan faɗa, ba jita-jita na kwaso ba.

Na farko, yadda aka yi hoton.

Bara da kaka na je wani ƙauye tsakanin Yankara da Mairuwa wurin wani dattijo, Malam Isiyaku, wanda ake ce wa Mai Iri. Yana riƙe da wata kaura da ya gada daga mahaifinsa, irin da ya ɓace a hannun kowa. Don kada iska ta kawo mata bununin wata dawa ta gurɓata ta, nesa da gonakin mutane yake shuka ta, can bakin daji, shi kaɗai. Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi tun kafin a san wani abu wai shi ɗan bindiga. Na naɗi muryarsa yana bayani, na miƙa masa wayata don ya ji. Ya kanga ta a kunne, ya haɗe gira yana saurare, zangarniya a hannunsa na hagu. A nan na ɗauki hoton da 'yar kyamarata. Wayar tawa ce, ranka ya daɗe. Malam Isiyaku bai taɓa mallakar waya ba, in zai yi magana da ƙanwarsa sai ya je wurin mai caji.

Kafin in sa hoton na nemi izininsa. Ya tambaye ni su wa za su gani, na ce manoma ne irinsa. Ya ce to, a sa.

Na biyu, yadda na gane kun ɗauka.

Mako uku ke nan da suka wuce kwamfutar ta fara nishi. Fankarta na kuka, shafin ya yi nauyi, batir ba ya kai la'asar. Na duba na ga baƙi na ta tururuwa irin yadda ban taɓa gani ba. Wallahi murna na yi. Na ce a raina yau dai Hamisu an san da kai. Kwana biyu cur ina wannan shirme, har ina faɗa wa masu zuwa sayen magani. Sai a rana ta uku na buɗe rajistar da na'urar ke rubuta duk wanda ya shigo da abin da ya nema da inda ya fito. Babu mai karanta rubutuna ko ɗaya. Dukkansu abu guda suke ja, hoton Malam Isiyaku, kuma daga shafinku ake turo su.

Na buɗe shafin naku. Labari ne kan infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto a yankinmu. Babu sunan kowa a cikin labarin, amma a samansa ga Malam Isiyaku, waya a kunne, fuska a haɗe, daji a bayansa. Akwatin hotonku ya datse hannun da ke riƙe da zangarniya. Ko wahalar kwafe hoton ba ku yi ba, adireshinsa kawai kuka liƙa, ya zama duk wanda ya buɗe labarinku, kwamfutata ce ke miƙa masa fuskar. Da solata da datata aka yi ta rarraba shi kwana biyu ina tafi.

Na ga 'yan ƙananan kalmomin Turanci da kuka sa a ƙasa, wai hoton misali ne. Kada ma a kawo mini wannan hujja. A nan ba a buɗe jarida a karanta, hoton allon waya ake ɗauka a watsa a guruf-guruf, kuma a wanda ya zagaya ƙauyukanmu babu wannan layin, an yanke shi. Ko da yana nan, wa zai karanta? Fuska aka gani, aka ga kalmar infoma, magana ta ƙare.

Na uku, abin da ya same shi.

Ku da ke birni wataƙila infoma kalma ce a wurinku. A nan hukunci ce. Ƙauyen su Malam Isiyaku an shiga musu a farkon damina, an kashe, an tafi da mata, kuma tun lokacin kowa ke kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, ana neman wanda ya nuna hanya. Sai ga hoto daga babbar jarida. Nan take abin da aka sani shekara da shekaru ya juye ya zama shaida. Aka ce dama me yake yi shi kaɗai a bakin daji? Don me yake zuwa ya dawo lafiya?

Ranar kasuwar Yankara 'yan sa-kai suka kama shi a layin 'yan hatsi. Bai san me ya yi ba, don shi bai ma ga hoton ba. Suka ce ya fito da wayar, ya ce ba shi da ita, suka ce ya jefar. An karya masa haƙarƙari biyu, an zubar masa da haƙora, kunnensa na dama har yau ba ya ji da shi. Ba don dagacinsu da limamin garin sun kwanta a kansa ba, da wannan wasiƙa ta ta'aziyya ce. Dagaci ya tsaya masa, aka fitar da shi a bayan motar hatsi zuwa Ƙanƙara, gidan ƙanwarsa. Matarsa da 'ya'yansa suna ƙauye. An daina amsa musu sallama, kuma in matar ta je rijiya sai mata su janye gugansu su jira ta tafi.

Ba na wanke 'yan sa-kai, abin da suka yi zalunci ne kuma za su amsa a gaban Allah. Amma su mutane ne da aka kashe wa 'yan'uwa, idonsu ya rufe. Ku kuwa a ofis kuke, a kan kujera, babu mai bin ku da bindiga, hoto kawai kuke nema da zai cike gurbi.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ranar da na gane, na aika saƙon imel ga adireshin da ke shafinku. Na sake aikawa washegari, na kuma aika na uku. Na kira lambar da kuka sa, wata ta ɗauka ta ce za a kira ni. Na rubuta bayani a wurin sharhi, har yau yana jiran amincewarku. Da na ga shiru sai na tuna ai hoton a gidana yake. Na cire shi, na sa wani a gurbinsa da suna iri ɗaya: farin allo da manyan baƙaƙe, cewa mutumin da aka nuna a nan manomi ne, ba infoma ba ne, hotonsa aka ɗauka ba da izini ba, ga lambata. Na buɗe shafinku na ga rubutuna zaune a saman labarinku. Na yi hamdala.

Kafin azahar kun cire shi. Kuka mayar da fuskar Malam Isiyaku, wannan karon daga kwafin da kuka samo kuka ɗora a taku na'urar, inda hannuna ba ya kaiwa.

To, ranka ya daɗe, a nan maganar kuskure ta ƙare. Wani ma'aikacinka ya ga allon nan. Ya karanta shi, don ba za ka cire abin da ba ka gani ba. Ya ga lambata. Ya zauna ya nemo fuskar ya gyara shafinsa tsaf, ya tashi ya tafi cin abinci. Saƙona biyar ba su sami mai amsawa ba cikin mako uku, amma adon shafinku ya sami mai gyara cikin rabin yini. Ina son in san wane irin mutum ne wannan, kuma wa ya koya masa aiki.

Na biyar, dalilin da ya sa sai ku.

Kada ka ce ai ina da shafi, in wanke Malam Isiyaku da kaina. Na yi. Na rubuta, na buga rubutun bara a takarda da hoton cikakke, zangarniya da komai, na kai wa dagaci. Ya haɗa ni da shugaban 'yan sa-kai na yankin. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, ya juya takardar, sannan ya tambaye ni wa ke riƙe da mabuɗin shafin. Na ce ni. Ya ce ashe ina iya canza kwanan wata in na so. Na ce ina iyawa, don ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ya miƙo mini takardata ya ce: "Kai ɗan gida ne, shafin naka ne, abin da ka ga dama shi za ka rubuta. Waɗanda suka ce infoma ne, su za su ce ba shi ba ne."

Shekara da shekaru ina alfahari cewa shafina ba ya hannun kowa sai nawa. Ranar nan wannan alfahari ne ya kashe mini shaida. Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta, kuma ba ni na ɗaure wannan ba.

Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai 'yar dokar da ake rubuta wa na'ura ta hana wani shafi jan hoto daga naka, na san da ita, na yi ta cewa gobe. Ban buga sunan shafina a jikin hoton ba. Kuma kwana biyun nan da na yi ina murna, a cikinsu ne hoton ya isa ƙauyensu. Na je Ƙanƙara na durƙusa na faɗa wa Malam Isiyaku duk wannan. Sai da na maimaita ta wajen kunnen hagu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi ai na ce masa manoma ne za su gani.

Yanzu ga inda ake. Kaurar ta nuna, tsuntsun janbaki ya fara sauka a kanta. Babu wanda zai yanka masa, don duk wanda aka gani a gonar infoma shi ma ya shiga layi. Ni na ce zan je, dagaci ya hana, ya ce ni ma ana maganata. Irin da ke rumbun Malam Isiyaku ya ƙone tare da rumbun a harin farkon damina, saboda haka abin da ke tsaye a gonar nan shi ne ƙarshen kaurar ubansa a duniya. Ƙanwarsa ta yi kuka, na yi magiya, liman ya aiko. Duk da haka Malam Isiyaku ya ce washegarin kasuwar Yankara mai zuwa zai koma ya yanki dawarsa, ko an wanke shi ko ba a wanke shi ba. Na san shi, ba ya faɗa ya fasa. Kuma shugaban 'yan sa-kai ya gaya wa dagaci ƙarara cewa in aka gan shi a bakin dajin nan, shi ba zai iya riƙe yaransa ba.

Don haka ga roƙona. Ku sauke hoton yau. Ku buga gyara da Hausa, da manyan baƙaƙe, a wurin da labarin ya zauna, ku ce kun ɗauko hoton daga shafin noma, mutumin ba shi da alaƙa da labarin. Ku faɗi cewa da farko daga na'urata kuke jansa, wannan yana cikin rajistarku kamar yadda yake cikin tawa. Ku kuma naɗi murya, kai da bakinka ko wani babba a cikinku, ko ta minti ɗaya ce, domin masu riƙe da bindiga a nan sun fi saurare a kan karatu. Lambata tana cikin saƙonnin da ba ku buɗe ba. Ku turo, ni zan hau babur in kai wa dagaci da hannuna. Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa.

Kwana shida suka rage. In kun yi cikin kwanakin nan, zan rubuta godiya a bainar jama'a kamar yadda na rubuta wannan. In kuma kuka makara, to labari zai zo muku daga yankinmu, na wani dattijo da aka tsinta a gonar dawa. Roƙona na ƙarshe shi ne ranar nan ku buga shi ba hoto.

Allah Ya ba ka ikon yin gaskiya, Ya tsare ka da zuriyarka daga ƙazafi, kada Ya nuna maka ranar da baƙo zai nuna fuskar mahaifinka ya kira shi da sunan da ba nasa ba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam.

Naka,
Hamisu Malamin Gona,
Faskari.